Suna Linzami: Sharhi a kan "The Namesake" na Jhumpa Lahiri

A shekarar 2003 ne Jhumpa Lahiri, ƴar asalin Bengal ta Indiya wadda aka haifa a Landan a 1967 ta kuma girma a Amurka, ta fitar da dogon ƙagaggen labarinta na farko, "The Namesake", wato "Takwara". Masu karatu da Faransanci sun san shi da "Un nom pour un autre", kuma Mira Nair ta mai da shi fim a 2006. Jigonsa yaro ne da ya tsani sunan da aka raɗa masa, har ya je gaban alƙali ya canza shi.

Ashoke Ganguli da matarsa Ashima sun bar Kalkuta sun zauna a jihar Masacuset, inda suka haifi ɗa a 1968. A al'adarsu kakar Ashima ce za ta zaɓi sunan, sai dai wasiƙar da ta aiko ta ɓata a hanya. Da asibiti ta ce ba za a sallami jariri ba sai da suna a takardar haihuwa, uban ya ba da "Gogol", sunan marubucin Rasha Nikolai Gogol (1809-1852), da niyyar ya zama sunan gida kawai. Mutanen Bengal na da suna biyu, na gida da na fita waje, kusan kamar yadda Bahaushe ke da sunan yanka da kuma laƙabin da alkunya ke haifarwa, irin su Abba ko Ummi. A Amurka takarda ba ta san wannan bambanci ba, sai laƙabi ya zama sunan hukuma.

Gwanintar marubuciyar ta bayyana a yadda ta nuna cewa ƙiyayyar sunan ba da ita aka haifi yaron ba. Ranar da aka kai shi lakkol, iyayensa sun so a rubuta shi Nikhil, amma shi da kansa ya ƙi, domin Gogol kaɗai ya sani. Sai da ya fara girma ya gane cewa sunan ba na Indiya ba ne, ba na Amurka ba, kuma ba shi da takwara ko ɗaya. Abin da ya ƙarasa shi kuwa darasin adabi ne, inda malami ya zayyana wa aji rayuwar Gogol ta kaɗaici da yadda ya ƙaurace wa abinci har ya mutu, yaron na zaune kunya ta rufe shi. Wannan babi ya cancanci kowane malami ya karanta shi, don mai kiran suna kowace safiya yana riƙe da mutuncin ɗalibi a bakinsa.

Kafin ya shiga jami'ar Yale ya koma Nikhil bisa doka. Bayan haka ne uban ya faɗa masa asalin maganar: a 1961 jirgin ƙasa ya yi haɗari da shi yana cikin karatun labarin Gogol mai suna "Kwat", masu ceto kuma suka gano shi da rai saboda takardar littafin da ta faɗi daga hannunsa. Ashe sunan godiya ce ta wanda ya tsallake rijiya da baya. A nan ne littafin ya ajiye hukuncinsa a fakaice: yaron bai yi butulci ba, tunda an ɗora masa kaya ba a gaya masa abin da ke ciki ba. Laifin na shirun uba ne, wanda ya ba shi kundin labaran Gogol yana da shekara 14, ya kuma haɗiye bayanin.

Littafin bai rasa rauni ba. Bayan rasuwar Ashoke labarin ya karkata ga soyayya da auren Nikhil da Moushumi, wanda bai ɗore ba, maganar suna kuma ta yi sanyi har mai karatu ya kusa manta ta. Nikhil ɗin ma ya cika sanyin jiki, abubuwa ne ke samun sa, da wuya ya yanke shawara. Ashima, wadda ba ta taɓa furta sunan mijinta saboda kunya, ta fi shi rai a takarda.

Duk da haka ƙarshen ya biya bashin. A Disamban 2000 Nikhil ya buɗe kyautar ubansa da ya yi watsi da ita, a lokacin da masu kiran sa Gogol suka kusa ƙarewa. Alƙali ya ba shi sunan da yake so cikin ƴan mintoci, amma sai da ya kai shekara 32 kafin ya fara karanta takwaransa. Iyayen da ɗansu ya zo musu da ƙorafin suna, kafin su yi masa faɗa, su fara ba shi labarin wanda aka yi wa takwara da dalilin yin ta.