Brighter Grammar da Yaron Tambuwal: Nazari kan Koyar da Ginin Jumlar Ingilishi

Littattafan nan huɗu na C. E. Eckersley da Margaret Macaulay, watau Brighter Grammar, waɗanda kamfanin Longman ya buga a farkon shekarun 1950, sun daɗe a hannun malaman ƙasar Hausa. Ba a musun amfaninsu, domin darussansu gajeru ne, ayyukan gwaji kuma ga su nan birjik, abin da ya dace da halin da aka shiga bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, sa'ad da azuzuwa suka cika, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci. Sai dai an tsara su ne domin kowane mai koyo a duniya, ba a yi la'akari da wanda ya sha Hausa a nono ba.

Ƙa'idar da aka ɗora darussan a kanta ita ce, kowace cikakkiyar jumla tana da aikau da aikatau. Da yake Hausa ma takan jera aikau da aikatau da karɓau kamar Ingilishi, sai malami ya ɗauka hanya ta miƙe. Alhali a Hausa ba a cewa "Audu tafi". Tilas lamiri ya shiga tsakani, a ce "Audu ya tafi", kuma wannan "ya" ita ke ɗauke da jinsi da adadi da lokaci, aikatau kuwa yana nan yadda yake. Shi ko Ingilishi a jikin aikatau yake nuna shuɗaɗɗen lokaci. Ashe yaron da ya rubuta "Audu he go" ba shirme ya yi ba, ginin harshensa ya bi sau da ƙafa. Littafin zai nuna masa daidai, amma ba zai gaya masa daga ina kuskuren ya ɓullo ba, saboda haka gobe ma sai ya sake.

Inda abin ya fi tsanani shi ne jumla marar aikatau. "Audu malami ne" cikakkiyar magana ce, ba kuwa aikatau a cikinta. Malamin da littafi ya ƙure shi yakan ce "ne" ita ce "is", alhali dirka jinsi da adadi take bi, ba ruwanta da lokaci: "jiya Talata ce", "gobe Alhamis ce". Bugu da ƙari, yaron Tambuwal ko Kebbe ba "ne" da "ce" ya taso da su ba. A Sakkwatancinsa "Audu malami na" yake cewa, "Binta malama ta", "shina zuwa". Idan an fassara masa Ingilishi da Daidaitacciyar Hausa, kogi biyu ke nan aka sa shi ƙetarewa da kwalekwale guda.

Abin mamaki, makamin warware wannan yana nan cikin zaurukan yankin tun da daɗewa. A Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal, Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, shi ne kuwa mai littafin nahawu al-Bahr al-Muhit. Almajirin da ya ɗan taɓa nahawun Larabci ya san mubtada'i da habari, watau jumlar da ke tsayawa ba tare da fi'ili ba, kamar dai ta Hausa. Irin wannan ɗalibi, da an ce masa Ingilishi bai yarda da jumlar suna ba sai an cusa mata aikatau, nan take zai gane dalilin "is" da "was". Littafin M. K. M. Galadanci kan nahawun Hausa ya fito a 1976, shekarar da aka buɗe ƙofofin makarantun, amma a jadawalin aji darasin Hausa da na Ingilishi kowanne da sa'arsa, sau da yawa ma kowanne da malaminsa.