Aljani Ko Na'ura? Tsokaci Kan Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Duk sa'ad da aka ta da zancen ƙagaggen labarin kimiyya a zamanmu na marubuta, ba a rasa mai cewa ai Hausa ba ta da shi. Mu kuwa sai mu tuna masa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka duniyar wata. A cikinsa ne Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawon sararin samaniya.

To, amma me ya raba shi da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda shi ma ya kai mu duniyar aljannu? Manazarci Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa ginshiƙin wannan nau'i shi ne baƙon abu wanda babu shi a duniyarmu, amma hankali na iya bin sawunsa. Aljani ba a tambayarsa dalili. Na'ura kuwa tilas marubuci ya san iyakarta, da abin da za ta sauya a rayuwar jama'a. In muka auna Dembo da wannan ma'auni, a ganinmu ƙafarsa guda tana cikin kimiyya, guda tana cikin tatsuniya, don Kolin Koliyo ya fi kama da aljanin da aka ba kumbo. Wannan bai rage masa darajar share fage ba.

Inda sababbin marubuta ke tuntuɓe shi ne zaton sai an tafi wata. Mu ɗauki Lolo, can ƙasar Bagudo, bakin iyaka da Binin, inda noman shinkafa da su suka dogara ga kogin Kwara. A ce marubuci ya ƙaddara an ƙera na'urar da ke tsayar da ambaliya ko ta sake ta, kuma makullinta yana tsallaken iyaka. Wa zai shuka, wa zai yi ƙaura? Sarkin Ruwa zai ci gaba da faɗa a ji? Garin da ya ɗanɗana rufe iyakar 2019 ba zai rasa mai ba marubucin amsa ba, in dai ya je ya zauna da masunta kafin ya ɗauki alƙalami.