Kari da Amsa-amo a Waƙar "Demain, dès l'aube" ta Victor Hugo

A makarantun Malanville da Gaya, inda Faransanci ne harshen karatu, ɗalibin da ya saba da rubutacciyar waƙar Hausa yana iya auna waƙar Faransanci da ma'aunin aruli, sai ya ga kamar karinta ya karye. Dalili kuwa shi ne, waƙar Hausa nauyin gaɓa take dubawa, ta Faransanci kuwa yawan gaɓoɓi take ƙirgawa.

Wannan waƙa, wadda ta fito cikin Les Contemplations a 1856, misali ce mai kyau. Ƙwar huɗu ce mai baitoci 3, kowane ɗango gaɓa 12. Ba ta da babban amsa-amo mai ratsa waƙa tun daga farko har ƙarshe. A kowane baiti ɗango na ɗaya yana amsa na uku, na biyu yana amsa na huɗu, sannan a sake sauti a baiti na gaba.

Ta fuskar salo, saɓi-zarcen da ya jefa aikatau zuwa farkon ɗango na biyu ya nuna ƙudurin tafiya. Mawaƙin ya ɓoye jigo, har mai karatu ya ɗauka waƙar soyayya ce. Sai a baitin ƙarshe aka ambaci kabari. 'Yarsa Léopoldine yake nufi, wadda ta nitse a kogin Seine a Villequier cikin 1843. Saboda haka dole manazarci ya sake karanta waƙar a matsayin marsiyya.