Kujerar Bututun Ƙarfe da Alƙawarin Makarantar Bauhaus

A shekarar 1925 wani matashi ɗan ƙasar Hangari mai suna Marcel Breuer ya sayi keke ƙirar Adler a garin Dessau na Jamus. Shekarunsa 23 a lokacin, kuma shi ke kula da sashen kafinta a makarantar Bauhaus. Hannun keken ne ya ɗauke masa hankali: bututun ƙarfe ne mara nauyi, an lanƙwasa shi bai karye ba, bai lotsa ba. Daga nan ya ƙera kujerar da ya sa wa suna B3, wadda ba komai a jikinta sai bututu da ƙyallen da aka ɗaɗɗaure. Littattafan tarihin zayyana sukan tsaya a kan basirar Breuer, amma da wuya su ambaci 'yan'uwan nan biyu, Reinhard da Max Mannesmann, waɗanda tun a shekarun 1880 suka gano yadda ake yin bututu ba tare da haɗi ba. Kafin su, naɗe ƙarfe ake yi a liƙe bakinsa, da an lanƙwasa sai ya buɗe a wurin haɗin. Masana'anta ce ta fara, mai zane ya biyo baya da kusan shekara arba'in.

Gardamar da ta haifi Bauhaus ta girmi makarantar. A babban baje kolin Landan na 1851 an ga kayan da inji ya yi suna kwaikwayon sassaƙar hannu, an cika su da furanni da ganyaye don a ɓoye asalinsu. William Morris na Ingila ya tsani wannan, ya kafa kamfani a 1861 don dawo da martabar aikin hannu. Kayansa sun yi kyau matuƙa, sai dai mai hali kaɗai ke iya saye, abin da ya riƙa ci masa rai, kasancewarsa ɗan gurguzu. Jamusawa sai suka bi ta wata hanya. A 1907 kamfanin kayan lantarki na AEG ya ɗauki Peter Behrens ya tsara masa komai, tun daga butar shayi da fanka har ginin masana'anta. A ofishin Behrens ɗin Walter Gropius ya goge, shi ne kuma ya buɗe Bauhaus a Weimar a 1919.

Da farko shi ma Gropius aikin hannu yake wa'azi. Sai a 1923 ya juya akala ya ce fasaha da inji su haɗu su zama abu ɗaya, a samar wa kowa kaya masu kyau da araha.

A nan ne nake ganin an fi yabon makarantar fiye da abin da ta yi. Ɗauki fitilar tebur da Wilhelm Wagenfeld da Carl Jakob Jucker suka yi a 1924, mai kai kamar ƙwallon gilashi da ƙafa miƙaƙƙiya. Duk wanda ya gan ta zai rantse daga masana'anta ta fito, alhali da hannu aka yi ta, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin ƙirar makaranta. Da aka kai ta kasuwar baje koli ta Leipzig ba ta samu 'yan sari ba, don kamanninta na kaya mai araha ne, kuɗinta kuwa na kayan alfarma. Butar shayin Marianne Brandt ta wannan shekarar ma haka take. Abin da ɗaliban suka ƙware a kai shi ne siffar aikin inji, wato da'ira da murabba'i da fuska mai santsi, tun kafin su san yadda inji ke aiki da abin da yake ci. Kyan ɗan maciji ke nan ga talakan da aka ce don shi ake yi.

Wanda ya cika wannan alƙawari tun kafin a ɗauke shi kafinta ne, Michael Thonet, wanda bai taɓa rubuta wata sanarwar aƙida ba. A 1859 ya fitar da kujera mai lamba 14, ta katakon da ake turarawa da tururi a lanƙwasa a cikin mazubi na ƙarfe. Guntayen katako shida, sukuru goma, noti biyu. Ana zuba kujera 36 a warwatse cikin akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane ɓangare, sai an isa inda za a kai a harhaɗa. Kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Ba abin mamaki ba ne da kujerun Breuer suka koma hannun kamfanin Thonet a ƙarshen shekarun 1920, don can ne ake da ilimin yin abu dubu iri ɗaya.

Ba wai Bauhaus ba ta taɓa shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi ba. Ta shiga a zamanin Hannes Meyer, shugabanta na biyu daga 1928 zuwa 1930, wanda ya fi damuwa da buƙatar jama'a a kan ƙawa. A lokacinsa fitilun Kandem da Brandt da abokan aikinta suka tsara sun fita kasuwa da yawa, kuma kamfanin Rasch ya fara buga takardar manna wa bango da zanen ɗalibai a 1929. Wannan takarda, wadda ba mai ɗaukar hotonta don bangon littafi, ita ta fi komai kawo wa makarantar kuɗi. Sashen saƙa ma, inda aka riƙa tura mata ko suna so ko ba sa so, ya yi ciniki ƙarƙashin Gunta Stölzl fiye da wasu sassan da maza suka yi suna a cikinsu. An sallami Meyer saboda siyasarsa, Mies van der Rohe ya gaje shi, makarantar ta koma Balin a 1932, matsin 'yan Nazi ya rufe ta a 1933.

Malaman sun watsu, Gropius ya tafi Harvard, Mies ya tafi Cikago, salon ya bi su ya zama na bankuna da manyan ofisoshi. Kujerar B3, wadda wani kamfanin Italiya ya raɗa wa suna Wassily a shekarun 1960, yanzu kayan masu kuɗi ce. Kujerar da ta kai ga kowa, farar robar nan da ake haya a ranar biki ko suna, daga injin zuba roba ta fito. Ɗaya daga cikin na farkonta wani Bafaranshe ne, Henry Massonnet, ya fitar a 1972, kuma inji kan gama guda cikin ƙasa da minti biyu.