Jinjina ga 'Yan Tashe

Da azumi ya kai goma, unguwannin Anka da Gummi da Bukkuyum sukan rikiɗe su zama dandali bayan shan ruwa. Yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a gadon baya, ya dogara sanda yana rawar jiki, shi ke nan tsoho ya fito. 'Yan mata kuma su kwaikwayi zaman aure a wasan Mairama da Daudu, uwargida na dariya alhali da ita ake. Ladansu ɗan hatsi ne ko 'yan kuɗi.

Mutanen Atina ta ƙasar Girka ma sun san darajar irin wannan aiki na kwaikwayo. Tun wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa suka fara gasar wasan kwaikwayo, inda maza kaɗai ke fitowa sanye da fuskar aro, gwani ya karɓi kyauta a bainar jama'a. Har ɗan wasa Aristodemus suka tura jakada wurin Sarki Filib na Makidoniya. Duk da haka masanin falsafa Aflatun ya so a kori masu wannan sana'a daga birnin da ya zana a rubuce-rubucensa, don a ganinsa kwaikwayo na lalata hali.

Mu ma mukan ce aikin banza ne. Amma wa ke iya faɗa wa marowaci ko gwauro gaskiya a ƙofar gidansa, ya yi dariya, har ya ba da tukuici? Sannunku da ƙoƙari, 'yan Tashe. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, ku ci gaba da fita da dare.