Tarago Ɗari Biyu a Fuskar Waya: Hotunan Jirgin Tama na Muritaniya

Duk mai yawan leƙa Instagram ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani baƙo a zaune kan tsibin baƙar ƙasa, ya naɗe kai da rawani, ga tabarau na kare ƙura, a bayansa kuma taragu sun miƙe sun lanƙwasa cikin hamada har ido ya gaza. Jirgin tama ne na ƙasar Muritaniya. Mun ga hoton nan ya fi a ƙirga, daga hannun mutane daban-daban, amma kullum kamar mutum ɗaya ne ya ɗauka. Wannan ya sa muka zauna muka tambayi kanmu: da me ake auna hoton jirgin da ba ya ɗauke da komai sai kaya iri ɗaya?

Bari mu fara da jirgin kansa. Layin dogon ya tashi daga Zuwerat, garin ma'adinai a arewacin ƙasar, ya sauka Nuwadibu a bakin tekun Atilantika, tafiyar kilomita 704. An buɗe shi a 1963, kamfanin ƙasar mai suna SNIM ne ke riƙe da shi a yau. Jirgi ɗaya kan ja tarago ɗari biyu ko fiye, tsawonsa ya haura kilomita biyu, kowane tarago na iya ɗaukar tan 84 na tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Ya gangara teku da kaya, ya komo wayam, ya sake lodi.

Matsalar mai ɗaukar hoto a nan take. Jirgin da ya haɗo kaya iri-iri yana ba ido abin kallo: ga tankin mai, ga buhuna, ga katako. Jirgin tama kuwa, in ka ga tarago ɗaya ka ga sauran. Launinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, ƙurar da ke jikinsu ma ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi kawai tsawo da nauyi, kuma duka biyun ba sa shiga kyamara cikin sauƙi. Balle ma wayar hannu, wadda fuskarta a tsaye take, jirgi kuwa a kwance. Shi ya sa kusan kowa ke hawa sama ya juya baya, ya jira inda layi ya yi kwana, don taragun su taru cikin siririn hoto. Dabara ce mai kyau a karon farko. A karo na dubu ta zama hatimi.

Ba mu ce hoton ba shi da kyau ba. Hasken asuba a kan rairayi ba ya ba mai kyamara kunya. Ƙorafinmu shi ne, cire fuskar baƙon daga ciki, me ya rage? Hoton ya gaya mana cewa wane ya yi jarumta, ya kwana a kan tama, ya sha sanyin dare. Game da jirgin bai ce uffan ba. Har rawanin ya koma kayan ado, alhali mutanen yankin suna naɗa shi ne don su iya numfashi.

Su kuwa masu amfani da ƙaramin jirgi maras matuƙi sun warware matsalar tsawo, sun jawo wata. Daga sama jirgin kan fito kamar baƙin zare da aka yar a kan tabarma. Kyakkyawan zane ne, amma nauyin ya gudu. Tan dubbai sun zama layin biro. Mai kallo ba zai san ko taragun cike suke ko wayam ba, ba zai san ko teku suka nufa ko ma'adinai ba. Mu kuwa a wajenmu wannan ce tambayar farko da ya kamata hoton irin wannan jirgi ya amsa, domin rayuwar da ke kansa ta bambanta da inda ya dosa. Mai gangarowa yakan zo da mutane da tumaki da awaki a saman tama. Mai komawa yakan tafi da 'yan kasuwa a cikin taragun da babu komai, da kifi daga Nuwadibu, da buhunan abinci. A da an saba hawa taragun kaya ba tare da biyan ko sisi ba, akwai kuma taragon fasinja ga mai kuɗin tikiti. Ƙauyukan da ke bakin layi da jirgin nan ake kai musu ruwa a tanki. Jirgin da takarda ta ce kaya ɗaya yake ɗauka, ashe hanya ce guda ta al'umma, kuma wannan saɓanin shi ne abin ɗauka.

Akwai wanda ya taɓa fuskantar irin wannan matsala ya fita kunya, ko da yake a wata duniya daban. O. Winston Link, ɗan Amurka, ya shafe shekarun 1955 zuwa 1960 yana ɗaukar jiragen kamfanin Norfolk and Western, kamfanin da jigilar kwal ce ƙashin bayansa, a daidai lokacin da injinan tururi ke shirin ƙarewa. Yawancin fitattun hotunansa da dare ya ɗauke su, da fitilu masu walƙiya da ya jera da kansa. Abin lura shi ne inda yake ajiye jirgin. A wani hoto yara na wanka a rafi, jirgi na wucewa a gadar da ke samansu. A wani, na 1956, a garin Iaeger, saurayi da budurwa na zaune cikin mota a filin kallon majigi, jirgi na keta duhu a gefe. Jirgin maƙwabci ne, mutane sun saba da ƙararsa kamar yadda aka saba da tarin dattijon gida. Da girman mutum ake gane girman jirgin.

Ba za mu wanke Link tas ba. Shirya mutanensa yake yi kamar 'yan wasan kwaikwayo, kuma da yardar kamfanin ya yi aikin, don haka duniyar da ya nuna mai daɗi ce fiye da kima. Ba a nan za ka ga huhun mai haƙar kwal ba. Duk da haka ya fahimci abin da masu zuwa Muritaniya da yawa suka kasa fahimta: mutanen wurin ake sawa a gaba, mai kyamara ya koma baya.

Mu ma muna da namu darasin a gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kayan da yake kwasa zuwa Ikko. Hotunan dalar gyaɗa da muke alfahari da su, waɗanda suka fi zama a rai su ne masu 'yan dako ɗauke da buhu a ka suna hawa. Da su ake gane tsayin dalar, da su kuma ake tuna cewa wuyan wani ne ya gina ta. Wanda aka ɗauko dalar ita kaɗai ya fi kama da tallan gwamnati.

Layin Muritaniya cike yake da abin da hoto zai iya faɗa in mai shi ya yi haƙuri. Kusa da Shum akwai ramin da Faransawa suka fasa cikin dutse, kusan kilomita biyu, don kawai kada layin ya taka yankin da Sifaniya ke mulka a lokacin. Yanzu an daina bi ta ciki. Hoton bakin ramin nan shi kaɗai ya isa ya ba da labarin yadda aka yanka iyakokin Afirka. Akwai dutsen Ben Amera da jirgi ke wucewa ta kusa da shi, ma'auni ne da Allah ya ajiye wa mai son nuna tsawo. Akwai ma'aikatan da ke fama da yashin da iska ke turowa kan layi. Waɗannan ba sa samun masu danna alamar so kamar fuska mai murmushi, mun sani, manhajojin kuma abin da aka fi dannawa suke turo wa kowa, sai mai zuwa na gaba ya kwaikwayi na baya.

Cikin ɗimbin hotunan akwai ƙalilan da ke tsayar da yatsanmu. Galibi a Shum ake ɗaukar su, inda matafiya daga Atar ke tarar jirgi. Ba su cika fita tsaf ba, domin haske ya yi ƙaranci, jirgin kuma ba ya jiran kowa ya gyara tsayuwa. Tarago biyu ko uku ne kawai a ciki, gefensu ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Wani a ƙasa ya ɗaga rago da hannu biyu, wani a saman tama ya sunkuyo ya kama ƙafafun gaba, ga jarkar ruwa da tabarma a ƙasa suna jiran a miƙa su.