Sahir Ludhianvi: Mawaƙi Ɗaya, Taj Mahal Biyu

Iyayenmu da suka yi zamanin kallon finafinan Indiya a silimar Plaza ko El Dorado a Kano sun san Dilip Kumar, sun san muryar Mohammed Rafi da ta Lata Mangeshkar. Amma wanda ya zauna ya tsara baitocin da ake rerawa, da wuya a sami mai kawo sunansa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan marubuta nake so mu ɗan nazarta a nan, wato Sahir Ludhianvi.

Sunansa na yanka Abdul Hayee. An haife shi a Ludhiana cikin 1921, ya rasu a Bombay cikin 1980. Mahaifinsa attajiri ne mai gonaki, amma uwar ta rabu da shi, ta rene ɗan cikin ƙunci. Mai yiwuwa wannan ne ya sa ya raɗa wa diwaninsa na farko suna Talkhiyan, ma'ana ɗaci. A cikinsa akwai waƙar Taj Mahal, inda saurayi ya ƙi haɗuwa da masoyiyarsa a wannan gini, don a ganinsa sarki ya yi amfani da dukiya ne ya raina soyayyar talakawa, an kuma manta da maginan da suka ɗauki duwatsun.

To, ga abin mamaki. Lambar Filmfare ta farko da Sahir ya samu, cikin 1964, ta waƙar fim ɗin Taj Mahal ce, wadda ke ɗaukaka soyayyar sarkin nan Shah Jahan da Mumtaz. Waƙar tana da daɗi, amsa-amonta bai karye ba, sai dai jigonta alkawarin masoya ne kurum, wanda ko wani ma zai iya rubutawa. Ta biyu, cikin 1977, ta Kabhi Kabhie ce, tsohuwar waƙarsa da aka rage wa ɗaci, aka sassauta Urdun don masu sayen tikiti.

A nawa ra'ayi, gwanintarsa tana cikin Pyaasa na 1957, inda ya tsaya a unguwar karuwai ya ƙalubalanci masu alfahari da ƙasar. Lokacin ba a fara ba marubuta waƙa wannan lamba ba tukuna. Da aka fara cikin 1959, waƙarsa ta fim ɗin Sadhna a kan zaluncin maza ga mata ta shiga takara, Shailendra ya cinye.

Wasu manazarta za su ce ya sayar da alƙalaminsa. Ban yarda ba gaba ɗaya. Marubucin waƙar fim ba shi da 'yancin da Sa'adu Zungur yake da shi. Darakta ne ke ba shi labari, mai kiɗa ya ba shi kari. Duk da haka Sahir ya matsa sai da gidan rediyon Indiya ya riƙa faɗin sunan marubuci tare da na mai rerawa.